Maganar Akawu: Mai Ƙaramin Maki a Ƙofar Makarantar Ciniki

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, ka kuma yi mini haƙuri in na zarce iyaka yau, domin maganar da na zo da ita ba ta yankuwa biyu.

Makon jiya ka aiko mini da takardar wani malamin makaranta, wanda ya roƙa kada a ambaci sunansa, ni kuwa ba zan ambata ba. Ga abin da ta ƙunsa a taƙaice. Yana da digiri, ya shekara shida yana koyarwa, kuma shi ke riƙe da littafin kuɗin ƙungiyar malaman makarantarsu. Ransa ya biya ga karatun nan na sha'anin ciniki da tafiyar da kamfani wanda a ke kira MBA, yana so ya yi shi a ƙasar waje. Ya tara kuɗi, ya je ya ɗauki jarrabawar shiga, ya sami maki 525. Tun daga ran nan, in ji shi, ko tuwo ba ya yi masa daɗi, bai kuwa gaya wa kowa ba sai mai ɗakinsa. Abin da ya ke tambaya shi ne, ya aika da takardun neman shiga da wannan maki, ko kuwa ya haƙura ya koma ga allo da alli?

To, Malam, takardarka ta faɗo hannun wanda ya san ciwon. Ni ma na ɗauki wannan jarrabawa cikin 1924 ɗin zamaninmu, watau ina nufin 2024, ka ga har alƙalamina yana neman ya kauce wa shekarar don kunya. Abin da na samu karon farko 535 ne, bai ɗara naka da wani abin kirki ba. Ban taɓa faɗa a wannan fili ba sai yau.

Amma kafin in shiga labarina, bari in yi wa waɗanda ba su san jarrabawar ba bayani, don kada mu bar su a baya. Sunanta GMAT. Asalinta daga Amurka ne. A 1953 waɗansu makarantun ciniki guda tara na can suka haɗa kai don su sami ma'auni guda da za su riƙa auna masu neman shiga da shi, tun da ya ke ɗalibai suna zuwa daga jami'o'i dabam dabam, kowace da irin hannunta wajen ba da maki. Aka fara ɗaukarta a 1954, aka ba ta sunan da ta ke da shi yanzu a 1976, sa'an nan a 1997 aka ɗauke ta daga takarda aka mai da ita cikin kwamfuta. Wata majalisa ta makarantun ciniki mai suna GMAC ita ke da ita. Cikin Nuwamba 2023 aka fito da ita da sabuwar kama, tsohuwar kuwa aka rufe ta a ƙarshen Janairu 2024. Ta yanzu kashi uku ce, kowane kashi minti 45. Akwai kashin lissafi mai tambaya 21, da kashin karatun Ingilishi da auna hujja mai tambaya 23, da kashi na uku mai tambaya 20 inda a ke jibge wa mutum alƙaluma da jadawali a ce ya tsamo ma'ana. Kowane kashi ana ba shi maki daga 60 zuwa 90, jimla kuwa daga 205 zuwa 805.

Ni aikina akawun kuɗi ne, shekarata goma sha ɗaya ke nan a kan tebur guda. Digirina da karatun yamma na same shi, bayan an tashi ofis. Saboda haka da na ji an ce jarrabawa ce ta lissafi da Ingilishi, sai na yi murmushi, na ce ai an zo gidana. Wanda ya kwana ya tashi cikin alƙaluma, wa zai tsorata shi da tambaya ashirin da ɗaya? Na sayi littafi guda na hannu, na duba shi mako uku, na biya kuɗi. Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. A shekarar, dala 275 a ke biya a Amurka in a ɗakin jarrabawa za a yi, namu ma bai yi nisa da haka ba, ga shi kuma tun da aka saki naira a watan Yuni 2023 dala ta yi ta hawa har ta wuce naira 1,500 a farkon 2024. Abin da ya fita daga aljihuna ya haura naira 400,000. Ku tuna fa, mafi ƙanƙantar albashin da Gwamnati ta yanka a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Watau na ɗauki abin da wani bawan Allah zai yi kusan wata shida yana wa gumi, na kai Legas na kashe cikin sa'a biyu da kwata. Ban sa kuɗin mota da na masauki ba.

Abin da ya kā da ni, in na faɗa za ku yi dariya, shi ne tarbiyyar da na ke alfahari da ita. A makarantar mishan da na yi, malaminmu na lissafi ba ya karɓar amsa sai ya ga hanyar da aka bi, layi bisa layi, an ja layi biyu da rula ƙarƙashin jimla. Yaron da ya rubuta amsa daidai ba tare da hanya ba, bulala zai sha, a ce ya leƙa na wani. Wannan horo shi ya mai da ni akawun da ba a taɓa kama littafinsa da giɓin kwabo ba. Amma a ɗakin jarrabawar nan shi ya zame mini mari a ƙafa. Kowace tambaya minti biyu da 'yan daƙiƙu a ke ba ta, ni kuwa ina nan ina jera layi bisa layi kamar mai shirya wa odita littafi.

Akwai ma wani irin tambaya da ban taɓa gamuwa da shi ba a duk karatuna. Bari in ƙaga misali da kayan kasuwarmu. A ce wata mata ta sayi mudu uku na gero da mudu biyu na wake, nawa ta biya? Sa'an nan a kawo bayani biyu. Na fari: kuɗin mudun wake ya ninka na gero sau biyu. Na biyu: mudu shida na gero da mudu huɗu na wake naira 14,000 ne. Ba a ce ka faɗi kuɗin ba. Abin da a ke so ka faɗa shi ne, wane bayani ne ya isa a san amsa: na fari kaɗai, ko na biyu kaɗai, ko sai an haɗa su, ko kuwa duk ba su isa ba? Akawu irina zai duƙufa ya haɗa su, ya gano gero 1,000 wake 2,000, ya yi ta jin daɗi, ya ce lalle sai an haɗa. Ya faɗi ke nan. Bayani na biyu shi kaɗai ya isa, domin abin da matar ta saya rabin abin da aka ambata ne daidai, watau 7,000, ba sai an san kuɗin kowane mudu ba. Kun ga ashe ba ƙwazon tara alƙaluma a ke aunawa ba. Ana duba ko mutum ya san lokacin da bayanin da ke hannunsa ya isa ya yanke shawara ya wuce. In an yi gaskiya, wannan kuwa aikin manaja ne sosai, kuma shi ne abin da shekara goma sha ɗaya a kan tebur ba su koya mini ba.

Har wa yau kwamfutar ba ta ba kowa tambaya iri guda. In ka amsa daidai sai ta miƙo maka mai wuya, in ka kuskure sai ta sassauta, makinka kuwa ya danganta ga wuyar tambayoyin da ka iya ɗauka. Wanda lokaci ya ƙare masa bai gama ba, ana rage masa. Ni na bar tambaya huɗu a kashin lissafi ban ko gan su ba. Da na tashi, makin ya fito a fuskar kwamfutar nan take, ba a ko bar mutum ya kai gida da sa rai ba. Na fito na tsaya bakin titi ina kallon motoci, ban san tsawon lokacin da na yi ba.

To, Malam, na yi wata guda cikin irin halin da ka ke ciki. Abin da ya fid da ni shi ne na daina tambayar kaina ko ni daƙiƙi ne, na koma tambayar abin da makaranta ke nema da wannan maki. Da na bincika sai na ga abu biyu ne.

Na farko, tsoro su ke ji. Watannin farko na karatun cike su ke da lissafin kuɗi, da ƙididdiga, da ilmin tattalin arziki, ana gudu ba a jiran kowa. Makaranta ba ta so ta karɓi kuɗin mutum, ta raba shi da aikinsa da ƙasarsa, sa'an nan ya zo ya kakare a wata na biyu. Ƙaramin maki, musamman a kashin lissafi, tambaya ce ya ke ajiyewa gaban masu zaɓe: anya wannan zai iya? Abin da ya rage ga mai nema shi ne ya kawo amsa.

Na biyu kuwa ba shi da daɗin ji. Akwai jaridu a Amurka da ke jera makarantun nan kowace shekara, wannan ta ɗaya, waccan ta goma, kuma cikin abin da waɗansunsu ke dubawa har da matsakaicin makin ɗaliban da aka ɗauka. Saboda haka duk mai ƙaramin maki da aka ɗauka yana ja wa makaranta matsakaicinta ƙasa, sai an sami wani mai babba ya cike. Za su iya ɗaukarka, amma sai ka zo da wani abin da ya kai su biya wannan diyya.

Kafin ka yanke wa kanka hukunci, ka tabbata ma da mudun da ka ke awo da shi. Tsohuwar jarrabawa daga 200 zuwa 800 ta ke, kuma shekara da shekaru 700 shi ne lambar da kowa ke bege. Masu jarrabawar da kansu sun ce 645 na sabuwa shi ne kwatankwacin 700 na tsohuwa. Duk makin sabuwa da 5 ya ke ƙarewa, na tsohuwa da sifiri, da haka a ke gane su. Mutane da yawa su kan ɗauki makinsu na sabon mudu su gwada da lambobin da suka gani na tsohon mudu, su yi ta baƙin cikin da ya fi ƙarfin laifinsu. Makinka 525 ƙarami ne, ba zan yi maka daɗin baki ba, amma ramin bai kai zurfin da ka ke zato ba.

Sa'an nan lambar da makarantu ke bugawa ta tsakiya ce, ba katanga ba ce. Makarantar ciniki ta Harbad, wadda aka kafa a 1908, ta yi shekaru tana buga 730 a tsohon mudu a matsayin na tsakiya, amma cikin takardun da ita kanta ke fitarwa an ga shekarun da na can ƙasa bai kai 600 ba. Ita ɗin nan ma ta taɓa daina neman jarrabawar ɗungum a 1985, ba ta komo gare ta ba sai bayan kimanin shekara goma. Tsohuwar jarrabawa kuma, masu ita sun yarda makin mutum guda ya kan yi sama ko ƙasa da kimanin 30 tsakanin yau da gobe ba tare da iliminsa ya sāke ba. Amma fa kada wannan ya ruɗe ka. Wanda ya shiga Harbad da ɗari biyar da 'yan kai, mutum ɗaya ne ko biyu cikin aji mai ɗalibai wajen ɗari tara, kuma Allah kaɗai ya san abin da ya zo da shi a ɗaya hannun. Ba a gina gida bisa labarin wanda ya tsinci kuɗi a hanya. Abin da ya fi amfani ka duba shi ne wanda makarantu da yawa ke bugawa, watau iyakar makin kashi 80 cikin ɗari na tsakiyar aji. In makinka ya shiga ciki, ko da daga gindi ne, kana da magana. In ya yi nisa ƙwarai, ka gyara makin ko ka sāke makaranta.

Ni gyara na zaɓa. An yarda mutum ya sāke ɗauka bayan kwana 16, har sau biyar cikin wata goma sha biyu, kuma a sabon tsari kai ke zaɓen sakamakon da za a aika wa makaranta bayan ka gan shi. Amma wanda ya koma bayan kwana goma sha shida da kan da ya fito da shi, kuɗinsa kawai zai ƙara zubarwa. Na yi wata huɗu. Akwai jarrabawar gwaji guda biyu da masu abin ke bayarwa kyauta ta intanet, waɗanda da na san da su tun farko da ban kai kuɗina Legas don in ji abin da za a gaya mini a banza ba. Kullum da asuba kafin ofis na kan yi sa'a guda da agogo a gabana. Na buɗe littafi na musamman, irin na akawu, ina shigar da kowane kuskure da dalilinsa: wannan rashin sani ne, wannan gaggawa ce, wannan taurin kai ne na ƙin barin tambayar da ta gagare ni. Da na yi jimla a ƙarshen wata, taurin kai ya fi sauran yawa nesa. Abin da ya fi mini wuyar koyo shi ne in dubi tambaya, in ce wannan ba tawa ba ce, in yi canke in wuce. Sabuwar jarrabawa ma ta yarda mutum ya komo ya sāke amsa uku a kowane kashi in lokaci ya ragu. Karo na biyu na sami 595. Ba makin da za a yi wa guɗa ba ne, amma kashin lissafina ya tashi, shi ne kuwa inda a ke shakkata.

Akwai waɗansu ƙofofin. Yawancin makarantun nan suna karɓar wata jarrabawar mai suna GRE, wadda aka gajarta a Satumba 2023 ta koma ƙasa da sa'a biyu. A cikinta ana ba mutum na'urar lissafi, yana kuma iya tsallake tambaya ya komo, amma tana son tarin kalmomin Ingilishi masu wuya. Kai da ke malami mai yawan karatu, watakila ta fi dacewa da kai, ka gwada ta gwaji ka gani. Manyan ma'aikata da suka daɗe a aiki kuma an yi musu wata gajeriya a 2016, ta minti 90, wadda a kan nema ga masu karatu suna aiki. Tun annobar 2020, da aka rufe ɗakunan jarrabawa, waɗansu makarantu suka fara yafe wa mutum jarrabawar in ya roƙa, waɗansu sun ci gaba da haka, waɗansu sun janye. Amma yafewar ga wanda ya riga ya zo da wata shaidar a ke yi, kamar injiniya ko mai takardar ƙwarewa a aikin akanta. Wanda digirinsa na tarihi ne ko harshe, in an yafe masa ma tambayar tana nan ba a amsa ba. Irin wannan gara ya ɗauki darasin ƙididdiga ko na lissafin kuɗi a inda a ke ba da sakamako a rubuce, ya ci da kyau, ya haɗa da takardunsa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ba ni kunya. Cikin takardun neman shiga akwai fili da a ke barin wa mai nema, in yana da abin da ya ke so ya bayyana. Na zauna na cika shafi biyu. Na faɗi rasuwar mahaifina, da ƙannen da na ke ɗauke da su, da ɗaukewar wuta, da gajiyar hanyar Legas, na rufe da roƙo irin wanda mu akawuna muka gada, na mai tawali'u mai biyayya wanda ke durƙushe yana jiran jinƙai. Na kai wa babban akawunmu, dattijo ne da ya kusa barin aiki, na ce ya duba mini Ingilishin. Ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau, ya ce, "Ɗana, in wani ya zo neman aikin ajiyar kuɗi a ofishin nan da takarda irin wannan, za ka ba shi mabuɗin akwati?" Na ce a'a, ranka ya daɗe. Ya ce, "Don me?" Na ce don bai gaya mini ya iya ba, ya gaya mini dalilan da suka sa bai iya ba ne. Ya miƙo mini takardata bai ƙara ko kalma ba.

Wadda na aika daga baya layi shida ce. Na ce makina na jimla yana ƙasa da na tsakiyar ajinsu, na sani. Na ce na sāke ɗauka na ƙara 60. Na ce shekara goma sha ɗaya ina riƙe da littattafan kuɗin ofis mai ma'aikata fiye da ɗari, ni ke shirya lissafin albashi da na ƙarshen shekara, na kuma faɗi sakamakon da na samu a darussan lissafi na digirina. Shi ke nan. Kai ma, Malam, littafin kuɗin ƙungiyar nan da ka ambata a gefen takardarka kamar ba kome ba, shi ne mafi ƙarfin abin da ke hannunka. Mutum nawa ne a ciki? Nawa ke ratsa hannunka a shekara? Ka tarar da bashi ka rage shi? Ka faɗa da alƙaluma.

Haka kuma maganar masu yi maka shaida. Al'adarmu in ana neman abu sai a tafi wurin babban mutum, mai sarauta ko mai muƙami, a karɓo takarda mai hatimi. Can ba ta da nauyi. Tambayoyi a ke aika wa mai shaidar, a ce ya faɗi lokacin da ya ga ka yi kuskure, da yadda ka karɓi gyara. Babban mutumin da bai san ka ba sai a wurin ɗaurin aure, me zai ce? Hedimastanka da ya ga yadda ka ke aiki shekara shida ya fi maka shi sau goma. Ka roƙe shi ya taɓo maganar riƙon kuɗin nan a cikin shaidarsa, don bakinku ya zo ɗaya.

Ga yadda tawa ta ƙare. Makarantun nan zagaye zagaye su ke karɓar takardu, yawanci na fari wajen Satumba, na biyu wajen Janairu, na uku wajen Maris ko Afrilu, lokacin da kujeru da kuɗin taimako sun kusa ƙarewa. Na aika wa huɗu a Janairu 2025, kowace da kuɗin dubawarta. Biyu na Amurka suka ƙi ni ba tare da sun ko kira ni hira ba. Ɗaya ta sa ni cikin masu jira har damina ta faɗi, sa'an nan ta sallame ni. Ta huɗu, a Ingila, mai karatun shekara guda, ta yi hira da ni ta kwamfuta, ta ɗauke ni. Ran da takardar ta zo mai ɗakina har ta yanka kaza.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wannan ita ce maganar da ba na so ka manta, domin masu ba da shawara daga ƙasashen masu kuɗi ba su cika faɗinta ba. Manyan makarantun Amurka kuɗin karatunsu kaɗai ya haura dala 70,000 a shekara, in an haɗa ɗaki da abinci ya wuce 100,000, shekara biyu kuwa a ke yi. Na Ingila sun fi sauƙi, amma sauƙin da ba na akawu ba. Kaɗan daga cikinsu, kamar Harbad, bisa ga rashin ƙarfin ɗalibi su ke ba da taimako. Da yawa kuwa da kuɗin taimakon nan su ke zawarcin masu manyan maki, don su ɗaga matsakaicin nan da na ambata. Watau mai ƙaramin maki ana iya buɗe masa ƙofa a bar shi ya biya da kansa. Ni an rage mini ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Na yi lissafi dare uku, na sa gonar gado a ciki, na sa bashi, bai tashi ba. In da zan sayar da gonar ma, ba tawa ba ce ni kaɗai. Takardar tana nan cikin akwatina tare da takardar haihuwar 'ya'yana. Ga ɗan mai hali, maki 50 na sama ado ne. Gare ni da kai, su ne kuɗin makaranta.

Yanzu ina karatun nan a wata jami'a ta gida, Asabar da Lahadi, ban bar aikina ba. Jami'o'inmu da dama, irin su Ahmadu Bello a Zariya da Bayero a Kano, suna ba da wannan digiri, akwai kuma makarantar ciniki ta Legas da aka fara a 1991. Ba zan ce daidai su ke da na waje ba wajen irin mutanen da za ka zauna da su da ƙofofin da za su buɗe maka, ƙarya ke nan. Amma abin da na koya ran Asabar ina aiki da shi ran Litinin, kuma ba wanda ke bina kwabo. Makin jarrabawar shekara biyar ya ke yi kafin ya mutu, nawa yana da rai har 2029, ban kuma ce na rufe littafin ba.

Amsata gare ka ita ce, kada ka aika da 525 a wannan zagaye, tun da ya ke ka ce ba ka da mai biya maka. Kada kuma ka koma ga allo da alli kana cewa an gama da kai. Ka buɗe sakamakonka, ka dubi makin kashi uku ɗin nan dabam dabam, da inda lokaci ya tsere maka. Ka yi jarrabawar gwaji ta GRE ka gwada su. Ka ba kanka wata huɗu ko biyar, ka nufi zagayen Satumba, kada ka biya kuɗin sākewa sai gwajinka na gida ya kai abin da ka ke nema sau biyu a jere. Ka kuma gaya wa hedimastanka tun yanzu, ko ba kome za ka bukaci shaidarsa.

Ka aiko mini da lambobin nan uku ta hannun Edita, da irin digirin da ka yi. Littafin kurakuraina ma yana nan, in kana so in aiko maka ka kwafa, sai dai ka mayar mini da shi.

Ni ne naku,
Akawu.